Kafin Ki Sa Nusaiba a Motar Gusau

Tsafe,
Ranar Talata, bayan azahar.

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Nasiru, ina kuma gaida uwargidana Nusaiba, duk da za ta tafi ta bar ni babu ko sallama ta kirki. Allah ya kai ku Furfuri lafiya, ya sa ku shiga sabon gidan a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum.

Za ki yi mamakin samun takarda a cikin kayanki, daga mutumin da titi kawai zai tsallaka ya zo gidanki. Na gwada faɗa miki da baki. Na same ki kina ɗaure kwanuka, na fara magana, kika ce "To, Baba" ba ki ko ɗago kai ba. Na san wannan "to" ɗin, a wurin Innarku kika gaje shi, kuma shekara da shekaru ina shan sa. An ji ne, amma ba za a yi ba. Shi ya sa na rufe shago da wuri na ɗauki biro.

Innarku ta ce min aikin Malam Nasiru ya koma Bungudu, kun sami gida a Furfuri. Ta ce kin leƙa makarantar firamaren garin ba ta kwanta miki ba, yara sun yi yawa, wasu a ƙasa suke zaune. Ta ce kin samo wata a Gusau mai boko da hadda a haɗe, kuma akwai mai bas da yake kwasar yara daga Bungudu da Furfuri da an sallame sallar asuba, ya dawo da su bayan la'asar. Nusaiba shekararta shida, haƙoranta na gaba ma ba su gama fitowa ba. Tun da na ji maganar nan hankalina bai kwanta ba. Ina ɗinki ina warwarewa, shekaranjiya har na ɗinka wa wani bawan Allah hannun riga a juye, ni da na tsufa a kan keken ɗinki.

Ba shiga zan yi cikin sha'anin gidan Malam Nasiru ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Labarin abin da na yi wa yayanki kawai zan ba ki. Kin san shi a matsayin wanda ya ƙi boko ya koma gona, don haka kuka taso kuna ji, kuma daga bakina kuka ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan faɗa miki yadda aka yi.

Lokacin muna Kucheri, kina goye a bayan Innarku. Ina da rumfar ɗinki a bakin titi. Akwai makaranta a garin, daga rumfata ina jin ƙararrawarta. Amma sai na ɗauki yaro ɗan shekara shida na sa shi a wata makaranta a nan Tsafe. Idan aka tambaye ni sai in ce ta fi malamai, kuma da gaskiyata, ta fi. Sai dai ba shi ne ya ja ni ba. Ni nake ɗinka wa 'ya'yan ma'aikata kayan makarantar nan, farar riga da koren wando, kullum ina goge su ina miƙa wa iyayensu. Na ce nawa ma sai ya sa. Wallahi na ɗinka masa kayan kafin in tambayi yadda zai riƙa zuwa. Ina son ya wuce ta gaban majalisarmu da safe a ce ga ɗan tela can. Ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki, don Nusaiba kike son makarantar Gusau, ko don abin da za ki faɗa idan abokan aikinki suka tambaye ki inda take karatu. In don ita ce, alhamdu lillahi. Ni da na yi wa kaina wannan tambayar da ban kai nan ba.

Sai kuma awon hanya. Sana'ata awo ce, ban taɓa yanka wa yaro yadi da awon babansa ba, amma hanyar nan da jikina na auna ta. Na shiga mota wata ranar rani da hantsi, na ci na ƙoshi, na zauna a gidan gaba, muna hira da direba sai ga mu a Tsafe. Na dawo na ce wa Innarku ai nan da nan ne. Ban sa jira a lissafi ba. Mota ba ta tashi sai ta cika. In yana son ya sami ta farko, sai an tashe shi tun kafin kiran salla, a wanke masa fuska yana layi, a tura masa koko yana ƙi, don cikin yaro ba ya karɓar abinci a wannan lokacin. An tashi makaranta kuwa, sai ya je tasha ya zauna a rana har motar Kucheri ta cika, wata rana da azahar, wata rana sai la'asar. Ya dawo ya aje jaka ya ɗauki allo. Da damina ya tafi a jiƙe, ya wuni a jiƙe.

Don haka kada ki yarda da "kusa ne" daga bakin kowa, har da Malam Nasiru da yake tafiya a kan babur ɗinsa. Zuwa da kai ya fi aike. Ki shiga motar nan da kanki, a lokacin da yaran suke shiga, ki zauna a inda za a zaunar da ita. Ki ga gida nawa ake tsayawa, ki ga yara nawa ake cusawa a kujera ɗaya, ki dawo tare da su da yamma. Kada ki yi kwana ɗaya ki ce kin gani, ki yi uku a jere, ki ji abin da bayanki zai faɗa miki. Sannan ki tuna ita ba ta kai ƙugunki ba.

Yanzu na zo wurin da biro yake min nauyi. Akwai maƙwabcinmu Mamman Dogo, mai tsohuwar fijo, shi yake jigila tsakanin Kucheri da Tsafe. Na je masa da maganar, ya ce, "Haba Malam, yaron ga har shi kai a kama mai wuri? A aza shi bisa cinya, mu tahi." Na ji daɗi, na yi ta godiya. Tun daga ranar yayanki ya zama yaron cinya. Yau cinyar wani tsoho mai goro, gobe ta mai kaji, jibi ta wanda ban taɓa gani ba. Abin da ban gane ba shi ne, direba kujeru yake ƙirgawa. Wanda ba shi da kujera ba ya cikin lissafin kowa.

Wata safiya motar Mamman ta mutu a hanya, ba su yi nisa da gari ba. Ya tsayar da wata motar Gusau da ta taso daga Funtuwa, ya juye mata fasinjansa kamar yadda suka saba, ya koma ya tusa kai cikin inji. Yayanki yana barci a cinyar wata Bafulatana. Sabon direba ya ga yaro a jikin mace ya ɗauka ɗanta ne. Ita kuma ta ga yaro da kayan makaranta ta ɗauka direba ya san inda zai sauke shi. Aka tsaya a Tsafe, masu sauka suka sauka, mota ta wuce da shi.

Ni ina rumfa ban san komai ba. Sai bayan azahar Mamman ya zo, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Malam, yaron ya dawo?" Na ce, "Ai kai nika tambaya." Muka kalli juna. Shafa'atu, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na hau bayan babur na zo Tsafe. Malaminsu ya ce yau bai gan shi ba. Na je tasha, na bi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi manya ya gani. Na leƙa kwata, na leƙa rijiyar bayan kasuwa, ina salati ina kiran abin da ban san ina kira ba. Na aika Kucheri ko ya koma, aka ce Innarku tana zaune a ƙofar ɗaki ta kasa ko kuka.

Sai da rana ta yi ja wata mota daga Gusau ta tsaya a tashar Tsafe, ya hango ni ya nuna ni, matar nan ta fito riƙe da hannunsa. Mutuniyar Ruwan Bore ce, matar wani makiyayi. Da aka sauke su a Gusau ta yi ta cigiyar mai yaro ba ta samu ba, ta kai shi inda 'yan'uwanta suke sayar da nono, da ya tashi daga barci ya ce mata Kucheri, gidan tela. Ta fasa tafiya gidanta ta juyo da shi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ad da yaron ga?" Na ce ni ne. Ta ce, "Malam, mu da muka zaune daji, ko maraƙi ba mu kora shi kiwo nesa. Gida muka ɗaure shi har shi yi ƙwari. Ku mutanen gari mi kuka sauri?" Har yau ban san sunanta ba, ina dai sa ta a addu'a.

In har za ki sa Nusaiba a mota, ta sami kujerarta, kada a ce a ɗora ta a jikin wata babba don ƙarama ce. A sami mutum ɗaya, mai suna, wanda kika san gidansa, wanda zai karɓe ta daga hannunki ya miƙa ta hannun malamarta. Ki tambayi mai bas ɗin me yake yi ranar da motarsa ta lalace, ki dubi idonsa lokacin da yake ba ki amsa. Na san yanzu akwai waya, amma waya ba ta riƙe hannun yaro. Kuma a zamanin yayanki abin tsoro a hanya rami ne da fashewar taya. Yanzu kin san abin da ake ciki, ba sai na rubuta ba. Mu manya ba ma kama hanya sai rana ta ɗaga, sai mun ga motoci sun fara zuwa daga can mun tambayi direbobi ko lafiya. Motar 'yan makaranta kuwa tana cikin na farkon fita. Babba ya ji abin da ba shi ke nan ba ya san ya kwanta ko ya ruga, amma yarinya kamar Nusaiba tsayawa za ta yi tana neman takalminta. Wannan tunanin ne yake hana ni cin abinci.

Kina tsammani bayan wannan rana na hankalta. Ban hankalta ba. Kin san yayanki shi ne ɗan fari, kin san kuma yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa, ba na zama in yi hira da shi, kada a ce ba ni da kunya. Ranar da matar nan ta miƙo min shi a gaban mutanen tasha, zuciyata tana cewa in rungume shi, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina jakarka?" Ya ce ya bar ta a mota. Na yi masa faɗa a kan jaka. Da muka isa gida kakarku ce ta ɗauke shi, Allah ya jiƙanta, ni da Innarku muna gefe kamar baƙi. Ranar Litinin na ɗinka masa sabuwar jaka na mayar da shi motar Mamman, don kada a ce tela ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Shekara uku ya ƙara a kan hanyar nan. Malaminsu ya aiko ya ce, "Yaron ga kwana yaka yi cikin aji, ko an tashe shi sai shi koma." Na ce lalaci ne, na sa masa bulala a kan barci. Innarku ta same ni a ɗaki ta ce, "Malam, yaron ga ya rame hwa." Na ce karatu ne, haka yake. Ita ma kunyar ta hana ta matsa min, kada a ce tana nuna son ɗan fari. A cikin shekarun nan ban taɓa zaunar da shi na ce yaya hanya ba, ko sau ɗaya. Ya riƙa zuwa na ƙarshe a aji, yara suna yi masa waƙa. Yana aji huɗu wata safiya ya riƙe ƙyauren zaure ya ce ko za a kashe shi ba zai je ba. Na ce to, dama ba ka da kan karatu, ga fartanya nan.

Bayan haka muka dawo Tsafe, kika isa shiga makaranta, ga ta nan bayan gidanmu. Kina tashi rana ta fito, ki ci ɗumame, ki ruga da an buga ƙararrawa, a tara ki dawo ki sha fura. Kika riƙa zuwa ta ɗaya, kowa ya ce Shafa'atu ce mai ƙwaƙwalwar gidan. Kina da ita, ban hana miki ba, kada ki kumbura min baki. Amma shi ma yana da ita. Mutumin da yake duban gona ya faɗa miki dami nawa za ta yi, ya kuma zo daidai, ba daƙiƙi ba ne.

Na lura ke ma kin ɗauko halin. Duk bokonki, "yarinyar nan" kike ce wa Nusaiba, kuma in ta zo ta jingina da ke a gabanmu sai ki ture ta. Ba na ce ki watsar da kunya ba, tarbiyya ce. Ki ɓoye sunan in kina so, amma kada ki ɓoye idonki. Ki duba ko ta ci abin da kika zuba mata, ko ta daina wasa, ko ta fara fitsarin kwance, ko tana kuka ranar Lahadi da yamma ba dalili. A nan Tsafe akwai mu, muna gani muna faɗa. A Furfuri ba ta da kaka, ke ce kawai.

Na san za ki ce to me zan yi, in bar ta ta zauna a ƙasa cikin yara ba adadi? Ba ni da amsa mai daɗi. Makarantar Gusau ta fi, ban musa ba, kuma ba na son jikata ta tashi a baya. Amma kina iya sa ta a ta Furfuri shekara biyu ko uku, ke da Malam Nasiru ku riƙa zama da ita da yamma, ai ku biyun duk kun fi ni karatu. In ta yi ƙwari, hanyar tana nan. Ko ta zauna wurin gwaggonki a Gusau ranakun makaranta, sai dai raba yarinya da uwarta shi ma ciwo ne, kuma gwaggon taki ta fara faɗa da kaji saboda tsufa. Ko ki bar mana ita a nan. Wannan kada ki sa shi a ma'auni, da son zuciyata a ciki.

Ranar Asabar da ta wuce na kasa zama, na shiga mota na je Kucheri. Na sami yayanki a gona yana yankan dawa. Ya yi mamaki, don rabona da gonar nan an daɗe. Ya shimfiɗa min buhu a gindin gawo, muka gaisa, muka yi maganar amfanin bana, na yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe na ce masa, ina kallon ƙasa, "Kana tuna ranad da ka ɓace, mota ta wuce da kai Gusau?" Na shirya in roƙe shi gafara a kan tsoron da ya sha a wannan rana, don tun lokacin nake ganin ita ce mafi munin abin da na jawo masa.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ni ban san ɓacewa niy yi ba. Na dai san wata mata ta shimhiɗa min zane a inuwa, ta ba ni hura da nono, tac ce in kwanta. Niy yi kwana har na ƙoshi, babu wanda yat tashe ni. Duk zuwan da niy yi makarantag ga, ranan nan ita ɗai nika tunawa da daɗi."

Ya faɗa ba da fushi ba, ya miƙe ya koma yankan dawarsa. Ni kuwa ya bar ni zaune a kan buhun. Gafarar da na je nema ban iya furta ta ba, don na gane ba ta kwana ɗaya ba ce, ta shekara huɗu ce. Na yi kuka a gonar nan, Shafa'atu, ya juya baya ya yi kamar bai gani ba.

Nusaiba ba za ta ce miki ta gaji ba. Za ta sa kayanta ta shiga mota, don tana son ki ji daɗi. Yayanki ma bai ce ba, sai da ya haifi 'ya'ya huɗu sannan na tambaye shi. Ke ki tambaya tun yanzu.

Ki nuna wa Malam Nasiru takardar nan in kin ga dama, ki ce ya yi haƙuri da surutun tsoho. Duk abin da kuka yanke, Allah ya sa shi ne alheri. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya kawar da idon mugu daga kanku, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu da gonakinmu. Allah ya raya Nusaiba, ya ba ta ilimi mai amfani da lafiyar da za ta ci moriyarsa. Innarku tana gaishe ku. Ku kira mu da kun sauka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Malam Isa Tela.